Duwatsun Baba Malla da Rijiyar Kandili Uku

A fari na biyu, shekarar da yunwa ta sa ƙasar Damargu ta ci anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, mutanen Kandili Uku suka ba mu wata uku: ko mu fito musu da ruwa, ko garin ya watse. Gida arba'in ne da ƴan kai, arewa da Belbeji. Rijiyarsu ɗaya ce, ita ma ta koma ba da laka.

Ni maginin rijiya ne, sunana Habu. Ban yi lakwal ba, wato boko, allo ma ban wuce surorin salla ba. Ku samarin yanzu kuna cewa aikin ba wuya, a zaɓi wuri a yi rami. Wani cikinku ya nuna mini waya, wai akwai abin da ake tambaya a ciki ya ba da amsar komai, har inda za a sa ƙofar gida. Ban musa ba. Na yi aiki da akwati mai jin ruwa tun ba a haife ku ba. Ku saurara.

Da gemuna na shiga sana'ar, a farin farko. Shanuna bakwai suka mutu, gona ba ta ba da dami ɗaya ba. Na je kasuwar Tanut neman abin yi, aka nuna mini Baba Malla, wani tsohon Babarbare daga wajen Gangara, wanda aka ce rijiyarsa ba ta ƙarya. Ya juya tafin hannuna, ya duba.

Ya ce, "Kana tsoron rami?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Ƙarya kake. Zo gobe."

Kayan aikin ba su da yawa. Dagi, ƙarfe mai tsini na fasa dutse. Diga mai guntuwar ƙota, don a cikin rami babu wurin ɗaga hannu. Tasa ta kwasar ƙasa, wasaki na fitar da ita, igiyar fata, da gwafa da ake kafawa a baki igiya ta bi ta kanta. Sai fitila. Ita ake fara saukarwa kowace safiya. In ta mutu a ƙasa, ba mai shiga, iskar ramin ta lalace. Magana da na sama da igiya ake yi: ja ɗaya, a ɗauki ƙasa, ja uku, a ɗauke ni. Muna awo da gaba, wato buɗin hannu biyu. A Damargu ruwa ba ya kusa. In ka kai gaba talatin ka ɗaga kai, bakin rijiyar bai fi bakin ludayi ba.

Wannan duk a wata shida na koya. Abin da na kasa ƙarewa har yau shi ne gida tara.

Rijiya ta farko da na ga Baba ya zaɓa wa wuri, a wani ƙauye ne kusa da Gangara. Kwana uku bai taɓa dagi ba. Ya share ƙasa, ya ja layi biyu a tsaye, biyu a kwance, gida tara ke nan. Ya zazzage jakar tsakuwa, ya zuba: wani gida ɗaya, wani biyu, har tara, biyar a tsakiya. Ya ce in ƙirga kowane layi. Na ƙirga a tsaye, goma sha biyar. A kwance, goma sha biyar. A karkace ma haka. Na sake ƙirgawa, na ɗauka tsohon ya ɓoye wasu a hannu. Bai ɓoye ba.

Ya ce, "Wannan kwanciyarsu ce. Amma ba sa kwana biyu a gida ɗaya."

Gidan tsakiya shi ne rijiyar farko ta gari. Takwas na gefe su ne kusurwoyin duniya. Kowace shekara, in watan cika-ciki, watan farkon shekara, ya kama, kowane tsibi yana tashi ya sauka a wani gida, bisa wata hanya da ba a miƙe take ba. Ana fara ƙirgen daga shekarar da rijiyar farko ta ba da ruwa, don haka gari biyu maƙwabta ba sa yin lissafi iri ɗaya. Tsibin biyar yana ce masa Kunama: inda ya sauka ba a fasa ƙasa, ba a tara ƙasa. Tsibin takwas Saniya: can ake neman ruwa. A kan lissafin shekara yana aza na wata da ƙwallon aduwa. A kan na wata yana aza iska, da hanyar da garke ke shigowa, da inda raƙumi zai bi in yana jan igiya, da fitowar taurarin Kaza da ƴaƴanta a sama. Hawa bakwai yake riƙewa a kai. Ni biyu na iya.

Wani limami ya taɓa ce masa wannan duba ne. Baba ya ce, "Malam, dutse ba ya ba da ruwa, Allah ke bayarwa. Dutse hana ni gaggawa yake yi." Gaskiya ne kuma, kafin ya gama lissafi ya taka kowace kusurwa da ƙafarsa, ya tambayi kowane tsoho, ya ɗanɗani ƙasar kowane kwari.

Rijiyar da na fara yi ni kaɗai, a wata ruga ce wajen Olelewa, shekara biyar da shigata. Na ga kamar na iya. Na tuna yadda Baba ya shimfiɗa tsakuwa bara a wani gari, na shimfiɗa haka, na gama kafin azahar. Na tara ƙasar rami ta gabas. Ina gaba bakwai hadari ya taso ba lokacinsa ba, ruwa ya taru a bayan tsibin, ya ɓalle cikin ramin, bango ya zubo. Ƙasa ta kama ni har ƙirji. Fulani suka ciro ni da igiya, ƙugu a goce. Baba ya zo bayan kwana biyu. Bai ce sannu ba.

Ya ce, "Ina Kunama bana?"

Na nuna masa arewa.

Ya ce, "Wannan gidan bara ne. Bana tana gabas, ka kuma tara mata ƙasa a ka."

Ku ce hadari daga gabas yake zuwa kullum. Ku ne ba ku kwana da ƙasa a baki ba.

To, Kandili Uku. Lokacin ciwon yana ya riga ya rufe idon Baba, sai an ja shi da sanda. Ni ke zuba tsakuwa, shi yana tambaya. Wani furoje na masu ba da agaji ya ba garin siminti na rijiya ɗaya tak, da jar dawa ta wata uku don masu aiki da iyalansu. In dawar ta ƙare babu ruwa, kowa ya kama hanyar kudu. Tare da simintin suka aiko ma'aikacinsu Mushe Sani, wato Malam Sani a bakin ƴan boko, mutumin Damagaram, mai karatu, mai fara'a, da farar mota da akwatinsa. Yana kafa turakun ƙarfe a ƙasa, ya ja waya mai tsawo, wata allura ta motsa a fuskar akwatin, ya rubuta. Yini biyu ya yi yana zagaye gari. Na bi shi ina kallo, baki buɗe. Abu ba ido ba hanci, yana jin abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.

Ya tsaya a wani ɗan kwari gabas da gari, inda tumfafiya ta fi kore. Ya ce ruwa na nan kusa, bai wuce gaba goma sha biyar ba. Ni kuma na shimfiɗa gida tara, na sa rijiyarsu mai laka a tsakiya, na ƙirga daga shekarar da Maigari Abdu ya ce an gina ta. Saniya ta sauka gabas. Akwati da tsakuwa sun yi baki ɗaya. Mata suka yi guɗa.

Mushe Sani ya yi dariya, ya ce, "Baba, duwatsunka sun ci jarrabawa."

Baba ya ce, "Habu, kai ni wurin, ni ma in yi wa ƙasar tawa jarrabawar."

Na kai shi. Ya zauna, ya tona da hannu har gwiwar hannu, ya sansana, ya sa a harshe.

Ya ce, "An taɓa juya ƙasar nan. Maigari, rijiyarku ta yanzu ita ce ta fari?"

Maigari ya ce, "Ita muka tarar, Baba." Yana faɗa yana kallon gefe. Baba ba ya gani, ni na gani, na matsa wa Baba hannu.

Baba ya ce a kai shi wurin wanda ya fi kowa tsufa a garin. Aka kai mu gidan Inna Hajo. Muka same ta tana sauya wa anza ruwa don ɗacin ya fita.

Ta ce, "Makaho da gurgu, ku ne za ku ba mu ruwa? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

Baba ya ce, "Mu ne, ƴar uwa. Masu ido da ƙafa duk sun gudu kudu. Kafin rijiyar nan taku, ina kuke sha?"

Ta daina motsa hannu. Ta ce, "Ban sani ba."

A wajenmu, rijiyar da ta ci mutum cike ta ake yi, a ja ƙaya a kai, a daina ambatonta. Ana cewa mai kiran sunanta yana tashe ta ne ta sake ci. Yara suna girma ba su taɓa jin akwai ta ba. Baba ya san haka.

Ya ce, "Ban ce ki ambaci komai ba. Gaya mini kawai inda ba kya barin jikokinki su yi wasa."

Sai ta ɗaga muciya ta nuna gabas, daidai ɗan kwarin.

Ta ce, "Ubana na ciki, da ƙanensa. Yasa suka shiga yi, ta rufta da su."

Aka koma kan Maigari. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Akwati ya ce akwai ruwa. Na ce ko ta huce. In na buɗe baki kuma, ni na kira ta."

Na zaci Mushe Sani zai yi gardama. Bai yi ba. Ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa. Ya ce akwatin ba ruwa yake ji ba, danshi yake ji, kuma tsohon rami da aka cike yana riƙe danshi kamar tsumma. Ya ce, "Abin da na tambaye shi ya gaya mini. Da mun shiga, da a gaba shida ta rufe da mu." Ni ma abin da na tambayi tsakuwa suka gaya mini. Na ba su tsakiyar ƙarya da shekarar ƙarya.

Sai aka sake lissafi daga tushe. Inna Hajo ta ce an haife ta shekarar da waccan ta fara ba da ruwa. Shekarunta kuwa ba ta sani ba. Muka yini muna bi da ita: shekarar fara tana goye da wa, babbar yunwa ta same ta da ƴaƴa nawa, masu gari nawa ta binne. Mushe Sani yana rubutawa. Da muka tsaida adadi, na fara cire tara-tara da tsakuwa, aikin da ke cin rabin yini. Mushe Sani ya fito da wani ɗan injin lissafi kamar tafin hannu, ya danna, ya faɗi abin da ya rage kafin in zuba tsibi na uku. Ban yarda ba, na ƙarasa nawa. Daidai. Baba ya karɓi injin, ya shafa shi, ya kai kunne.

Ya ce, "Da na samu wannan ina saurayi, da na yi mata huɗu. Lokacin zance duk tsakuwa ta cinye."

Saniya ta sauka kudu maso yamma, a kan wani fako mai tauri, ko ƙaya ba ta fita a wurin. Mutane suka yi gunaguni. Mushe Sani ya ja wayoyinsa can, ya nisanta turaku fiye da da. Allura ta ɗan motsa kaɗan. Ya ce akwai, amma nesa, metir sittin, wato gaba talatin da uku. Kwana tara sun riga sun tafi cikin wata ukun. A safiyar da muka fasa ƙasa, gida biyar suka ɗora wa jakuna kaya.

Mu huɗu ke shiga, bi da bi. Rairayi gaba biyu, sai marmara ja mai cin bakin diga, sai farar ƙasa, sai wata baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muna gina gaba ɗaya, mu ɗaure bango da siminti, mu ci gaba. A baƙar lakar fitila ta yi ta mutuwa. Sai a ɗaura buzu, fatar rago, a igiya, a yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta sauya, rabin safiya ya tafi. Raƙumin jan ƙasa ya mutu a gaba goma sha tara, maza suka kama igiyar. Daga ƙasa nake gane waɗanda suka tafi: kullum wasaki yana ƙara jinkirin hawa. A gaba ashirin da takwas na ji muryoyin mata a bakin rami. Maza ba su isa ja ba kuma.

A gaba talatin da uku muka taka dutse. Dagi na tartsatsi, ƙura na tashi. Ba danshi ko na shafawa a goshi. Kwana huɗu muna dukansa, muka ci kamu biyu. Dawa ta rage ta kwana shida. Mushe Sani ya auna igiya sau uku, ya koma gindin motarsa ya riƙe kai. Maigari ya ce ranar Juma'a bayan salla kowa ya ɗaure kaya, ba zai kashe mutane a kan fako ba.

Ranar Laraba da hantsi Baba ya ce, "Ku saukar da ni."

Maigari ya ce, "Baba, a shekarunka?"

Ya ce, "Ni da duhu mun saba. Habu, ɗaure ni."

Na fara sauka, aka sauko da shi cikin wasaki kamar buhun gero. Ba shi da nauyi. Ya ce in gaya wa na sama kowa ya yi shiru, ni ma in rage numfashi. Ya durƙusa, ya manna kumatunsa a bango, can ƙasa inda bango ya haɗu da dutse. Ya daɗe. Ya matsa kaɗan, ya sake mannawa. Haka ya bi kusurwa takwas ɗin, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da fitilar da ba ta amfane shi da komai. Ya zagaya sau biyu. A na uku ya tsaya ta arewa, ya lashi dutsen, ya ɗora tafin hannu.

Ya ce, "Ƙasa kuke ta duka, ita kuwa tana gefe. Buga nan, a karkace."

Na buga. Tartsatsi. Na sake, na sake. Hannuna ya fashe. Can sai ƙarar ta sauya, ta zama kamar ana dukan tulu. Dagi ya shige ya maƙale. Na girgiza shi na zare, sai wata iska mai sanyi ta huro mini a fuska, harshen fitila ya kwanta. Dutsen ya yi baƙi a bakin hujin, baƙin ya yi ta faɗi. Sai ga shi. Ba tsiyaya ba, fitowa yake da kauri kamar damtse, yana wata ƙara da ban taɓa ji ba, kamar numfashin babbar dabba. Ruwan da bai taɓa ganin rana ba tun da Allah ya ajiye shi. Na tsaya kawai. Ruwan ya rufe mini idon sawu, ya kama ƙwauri, ban motsa ba. Bakina na ta salati ban san ina yi ba.

Baba ya dangware ni da gwiwar hannu. Ya ce, "Ja uku, wawa. Ruwa ba ya girmama tsoho."

Shi aka fara fitarwa. Ban ga abin da ya faru a sama ba, ji na yi. An ce da ya fito, riga jiƙe har ƙugu, Inna Hajo ta zo ta kama gefen rigar, ta matse a tafin hannu, ta sha. Sannan ihu ya sauko mini cikin rami har bango na amsawa. Da na fito na ga Mushe Sani durƙushe gaban Baba, yana tambayarsa yadda ya gane.

Baba ya ce, "Akwatinka ya kawo mu ƙofar gida. Ni sallama kawai na yi. Dutsen ya fi sanyi a can."

Gida goma sha tara suka rage a garin ranar. Ba wanda ya ɗaure kaya ranar Juma'a. Bayan damina wasu suka dawo. Baba bai ga daminar ba, ya rasu a Gangara kafin ruwan farko, da hawa biyar na lissafinsa da bai samu kan da zai zuba wa ba. Na gina rijiya tara bayansa. A kowace na manna kumatu a bango, kusurwa takwas, kamar yadda ya yi. Dutse kawai na ji.

Ƙugu ya hana ni shiga rami tun da daɗewa. Maigari Abdu ya ba ni fili kafin ya rasu, na dawo da iyalina. Ina Kandili Uku yanzu, gida na uku daga bakin rijiyar. Gwafa shida ke kanta, raƙuma na ja tun daga hantsi har la'asar, ba ta taɓa ƙafewa ba. Ruwanta nake sha.